Jimrau Bai Buga Ba

Litinin, bayan magariba

Metir Sharifu, malamin judo, ya iso daga Maradi yau. An gaya mana tsoho ne, amma ban zaci tsufan ya kai haka ba. Gajere ne, furfura har a gira, ga ɗingishi a ƙafar hagu. Da na gan shi yana saukowa daga mota da 'yar jakarsa, na ce a raina wannan ko iska ta taso sai an riƙe shi. Kafin a kira magariba ya kayar da ni har na daina lissafi, kuma har yanzu ban gane da wace ƙafa yake yi ba.

Istaj ɗin judo ne, wato horo na mako uku a gidan matasa, kullum bayan la'asar, na manya kaɗai. Ni na fara judo bara waccan, lokacin da ciwon baya ya so ya raba ni da keken ɗinki. Matata Hafiza har gobe cewa take na yi girma da birgima a ƙasa. Akwai dalili na biyu, ta san shi, tana rufa mini asiri: mijinta matsoraci ne. Ni ne wanda bunsuru ya taɓa kora daga ƙofar atiliyena, shagon ɗinkina, unguwa tana kallo.

An haɗa ni da Jimrau, shi ne abokin gwajina har a gama. Bafulatani ne na wajen Azagor, ɗan kokowa, yana zaune nan Dakoro tun kaka yana kula da shanun gidansu da ake kawowa kasuwar Jumma'a. Ya shigo judo ne don ya koyi kwashe ƙafa, ya je ya ba 'yan kokowa mamaki. Ni na ɗinka masa kimono, rigar judo, sai da na ƙara yadi a kafaɗa. Ranar da nake auna shi na ga wasu dogayen tabo kwance a haƙarƙarinsa. Na tambaye shi ko a kan waya ya faɗi, ya yi dariya ya ce ado ne. Ba ya kirana da sunana, Tela yake cewa.

Laraba, bayan magariba

Yau Metir ya zaunar da mu a bakin tapi, shimfiɗar da ake judo a kai, kafin a fara komai. Ya ce:

"Abu biyu nike koyarwa kahin komi, hwaɗuwa da bugawa. In anka riƙe ka, ka ji zahi, ka buga tapi sau biyu da tahin hannu, ko ka buga jikin abokinka. Shi kau da ya ji, shi saki. Ba abin kunya ba ne. Ni da kuke gani na hi ku duka bugawa, shi ya sa har yau nike da hannuwana biyu."

Kowa ya gyaɗa kai. Jimrau ya yi murmushi kawai.

A hanyar gida yana tura mini moto, babur ɗina, don man ya ƙare, sai ya tambaye ni wai da gaske namiji zai sa hannunsa da kansa ya gaya wa wani namiji cewa ya ji zafi? Na ce masa ni tun kafin a taɓa ni nake bugawa, don a huta. Ya yi dariya har sai da ya saki moton ya kusa faɗuwa. Na so yaron nan, Allah ya sani.

Jumma'a, azahar

Jimrau ya biyo ta atiliye daga kasuwa, ya kawo wa ɗiyata Safi cuku. Ta ƙi karɓa sai da ya yi mata kukan maraƙi.

Asabar, magariba

Bai buga ba.

Lahadi, bayan asuba

Ban runtsa ba. Bari in rubuta abin da zan iya.

Jiya Metir ya koya mana riƙon gwiwar hannu. Za ka kwantar da abokinka rigingine, ka saka hannunsa tsakanin cinyoyinka, ka riƙe wuyan hannun a ƙirjinka, sannan ka ɗaga ƙugu a hankali har gwiwar ta miƙe. Da ya ji ta kai, sai ya buga. Ya ce a hankali, ya sake cewa a hankali. Jimrau ya fara yi mini, na buga tun bai gama zama ba, aka yi ta dariya.

Sai aka juya. Na riƙe hannunsa na dama, na ɗaga kaɗan, ban ji bugu ba. Na ƙara kaɗan, shiru. Na ɗago kai na dubi fuskarsa, sai na ga murmushi yake yi, har haƙoransa a waje. Na ce a raina to lalle ban iya ba, ban kama daidai ba, yaron nan dariya yake mini. Sai na ɗaga ƙugu da ƙarfi.

Ba zan rubuta ƙarar ba.

Ko a lokacin bai yi kuka ba. Ni ne na yi ihu. Shi ya tashi zaune yana kallon hannun, wanda ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa, gumi na zuba daga haɓarsa, murmushin nan yana nan a bakinsa. A asibiti sai da suka tsaga hannun kimonon da almakashi kafin su cire masa. Da yake ni ne a tsaye kusa, ni aka miƙa wa rigar. Tana nan ƙarƙashin teburin yanka, na kasa dubanta.

Litinin, la'asar

Yanzu suna can kan tapi. Ni ina nan, na rufe ƙofar atiliye rabi.

Talata, hantsi

Metir ya zo da kansa da safe. Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Daga baya ya ce tun ranar farko ya ga tabon nan a haƙarƙarin yaron, ya kuma san na bulalar sharo ne, wasan da samarin Fulani ke yi, inda ake dukan mutum yana tsaye yana murmushi don a ga bai ji ba. Ya ce ya gani, bai tsaya ya yi tunani ba, alhali ya girme mu duka a kan tapi. Ya ce laifin nasa ne kafin ya zama nawa.

Na san don ya sanyaya mini rai ya faɗa. Amma ƙugun nawa ne, ba nasa ba.

Ya ce in dawo istaj. Na ce ba zan iya ba. Bai matsa ba.

Laraba, azahar

Na je asibiti da kunu a kwano, na tarar da gadon an sa wani. Wata ma'aikaciya ta ce danginsa sun zo tun jiya sun tafi da shi daji wurin mai ɗori. Likita ya so a kai shi Maradi, don hoton ƙashin bai yi kyau ba, kuma yatsunsa biyu ba sa motsi. Sun yi godiya, sun ɗauke abinsu.

Na kira wayarsa, a kashe. Na sake kira a hanya, a kashe. Na dawo da kunun, na zauna ina kallon almakashina har azahar.

Alhamis, magariba

Hafiza ta karya kara za ta hura wuta, da jin ƙarar na daka mata tsawa. Ta tsaya da karan a hannu tana kallona. Tun da muka yi aure ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Na fita bayan gida na amayar da abin da na ci.

Jumma'a, bayan sallah

Wani dogon mutum ya zo da hantsi, da rawani baƙi da sanda a kafaɗa. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyar gida da ta aiki da ta zafi, bai rage ko ɗaya ba. Ya ce sunansa Mutari, shi ne yayan Jimrau. Na tashi zan durƙusa, ya ce in zauna in ci gaba da aikina.

Ya zauna a benci. Na ci gaba da taka keke, ban san abin da nake ɗinkawa ba. Na tambaye shi jikin Jimrau, ya ce da sauƙi, yana gaishe ni. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce ba a ba da haƙuri a kan wasa. Amma duk lokacin da na saci kallonsa, idonsa yana kan hannuna na dama, wanda nake juya kan keke da shi.

Da aka kira sallah ya miƙe, ya gyara sandarsa. Ya ce:

"Tela, in ya tashi za mu taho."

Na ce Allah ya kawo su lafiya. Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Asabar, hantsi

Na aika aka kira mini Goggo Kyauta, ƙanwar babana. Ta yi aure shekaru a Korahane cikin Fulani kafin mijinta ya rasu, babu abin nasu da ba ta sani ba. Na gaya mata komai, har murmushin. Ta riƙe baki.

Ta ce a sharo ba a dukan banza. Wanda ya daki wani, shi ma zai tsaya a rama, ko bayan wata nawa ne. Wanda aka daka bai rama ba, ba ya ɗaga kai cikin sa'o'insa, 'yan mata ma sai su sa shi a waƙa. Idan ba zai iya ramawa ba, ɗan'uwansa ne yake rama masa. Ta ce ba ƙiyayya ba ce, su a wurinsu girmama ni suka yi da suka ɗauke ni abokin wasa, ba su kai ni wurin hukuma ba. Na ce ai wannan ba sharo ba ne, judo ne. Ta ce:

"Yazidu, kai ka san hakanan. Shi yaron da ya kwanta maka yana murmushi, mi kake tsammani shike yi?"

Na tambaye ta idan wanda ake ramawa a kansa ya yi kuka fa? Ta ce to ba a rama ba ke nan, sai a sake. Ta kalli hannuna ita ma. Yau kowa hannuna yake kallo.

Lahadi, la'asar

Hafiza ta ce in je wurin jandarma. In ce musu me? Wani ya zo ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar iyalina? Kuma tambayar farko da za su yi ita ce wa ya karya wa. Ta ce to in tafi Maradi wurin yayana har damina ta sauka su yi arewa da shanunsu. Na ce zan duba.

Na duba. Har na saka riguna biyu a jaka, na fitar da su. Ba jarumta ba ce, tsoro ne na wani iri. Idan na gudu, Safi da uwarta ne za su riƙa ganin mutumin nan a benci.

Laraba, bayan magariba

Jiya na je gidan matasa bayan an tashi, na sami Metir yana naɗe santir ɗinsa, ɗamarar kimono. Na gaya masa zuwan Mutari da abin da Goggo ta ce. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in bar shi da su. Ashe da safe yau ya hau bayan moto, da ɗingishinsa da furfurarsa, ya tafi har rugar tasu. Ya dawo ja wur da ƙasa.

Ga abin da suka shirya. Za a rama, amma ba da sanda ba, ba kuma a daji ba. A kan tapi za a yi, da riƙon nan dai da na yi masa, a gaban Metir, ranar da zai dawo daga Maradi yi mana jarrabawar santir kafin ruwa ya sauka. Jimrau ne zai yi da kansa, don riƙon na ƙafa da ƙugu ne, hannu ɗaya ya isa. Metir ya ce ya gaya musu dokar tapi, in na buga a saki. Na ce Mutari ya yarda? Ya ce abin da Mutari ya ce kawai shi ne, namiji ya san abin da zai yi.

Na tambayi hannun. Ya ce ƙashin ya kama, amma gwiwar ba ta miƙewa, ƙaramin yatsa ba ya ji. Na tambaye shi ko yana ganin Jimrau zai saki in na buga. Na so ya yi mini ƙarya. Ya ce:

"Ban sani ba, ɗana. 'Yan kwanaki kaɗai na koyar da shi, su kau tun yana goye suke koyar da shi."

Asabar, azahar

Metir ya tafi yau. Jiya na leƙa wurin rufe istaj, sai ya riƙe ni bayan kowa ya watse. Ya kwanta a tapi, ya miƙo mini tsohon hannunsa, ya ce in riƙe. Na ƙi. Ya ce ba roƙona yake ba. Na riƙe. Ya ce in rufe ido, in ɗaga kaɗan kaɗan, kada in jira bugu, in saurari gwiwar da cinyata. Can sai na ji wani wuri da hannun ya tsaya cak, kamar yadda allura ke tsayawa in ta ci karo da kaurin ɗinki. Na tsaya. Ya ce to nan ne, bayan nan babu komai sai karaya. Ya ce kada in ƙara duban fuska, fuska tana ɓoye abu, gwiwa ba ta iya ɓoyewa.

Muka yi ta yi har duhu ya fara. Na iya yanzu. Da ma ranar Asabar ɗin can na iya.

Jumma'a, bayan sallah

Mutari ya zo. Gaisuwa, benci, shiru. Ya tafi da aka kira sallah.

Talata, hantsi

Na ciro kimonon daga ƙarƙashin tebur. Sun tsaga hannun tun daga wuyan hannu har kafaɗa, yanka a karkace, na masu gaggawa. Akwai ƙasar tapi a bayanta da warin shanu. Na wanke, na ɗinke da hannu, ban sa a keke ba. Ɗinkin ya yi kyau, sai ka duba sosai za ka gani. Na zauna ina kallonsa, ina jin haushin yadda yadi yake da sauƙin gyara.

Jumma'a, la'asar

Yau Mutari ya zo da wando ya yage a gwiwa, ya ce in taimaka. Na gyara yana zaune. Ya kawo cuku kuma, ya ce Jimrau ya ce a ba yarinya. Na rasa inda zan sa mutumin nan a raina. Da zagina yake yi da na fi samun barci.

Kafin ya tafi na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko Jimrau yana jan ruwa a rijiya yanzu. Ya ce ƙanensu ke ja. Kokowa fa? Ya dubi titi, ya ce zafi ya yi yawa bana.

Lahadi, bayan asuba

Na yanke shawara. Ba zan buga ba.

Idan na buga, Mutari zai ce ba a rama ba, ya dawo benci, wata rana kuma ba benci ba. In ban buga ba, abin ya ƙare a rana ɗaya. Kuma shi yaron ya rasa kokowa, ya rasa rijiya, ni in tashi da hannuna lafiya lau don na daki tapi sau biyu? Ni da ko allura ta soke ni sai na kira sunan uwata.

Alhamis, azahar

Ina ta sauri in gama ɗinkin mutane da ke hannuna. Na daina karɓar sabo. In babu kowa sai in ɗauki almakashi da hagu in gwada yanka a kan ƙyalle. Yanka yake fita kamar ɓera ya ci.

Hafiza ta shigo da abinci ta same ni a haka. Ta ajiye kwano, ta ɗauki ƙyallen ta juya shi, ta gane. Ba ta yi kuka ba, na fi son da ta yi. Ta ce:

"Abban Safi, hannun nan ba naka ba ne kai ɗai. Da shi muke ci."

Ta bar kwanon a buɗe ta fita.

Litinin, magariba

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Mutane na addu'ar ruwa, ni ina jin tsoronsa, Allah ya yafe mini.

Laraba, la'asar

Metir ya kira. Asabar.

Jumma'a, bayan sallah

Yau benci babu kowa. Ya fi muni.

Asabar, bayan asuba

Na yi wanka, na yanke farce. Na ɗauki Safi da hannun dama na ɗaga ta sama har ta ce in sauke ta. Hafiza ba ta yi mini magana tun jiya. Na sa kimono biyu a jaka, nawa da nasa.

Asabar, bayan magariba

Bari in rubuta tun yana sabo a kaina.

Metir ya sallami kowa bayan jarrabawa, muka rage mu huɗu. Jimrau ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Hannun dama yana rataye a lanƙwashe, kamar mai riƙe da ƙwarya. Ya ce, Tela, ina gajiya, kamar jiya muka rabu. Na miƙa masa rigarsa. Ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya ce aiki ya yi kyau. Mutari ne ya taimaka masa ya zura hannun. Ya jingine sandarsa a bango, ya tsaya a bakin tapi, don Metir ya ce ba a hawa da takalmi.

Muka gaisa irin na tapi. Na kwanta, na miƙa dama. Jimrau ya zauna, ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjina da wuyana, ya riƙe wuyan hannuna da hagunsa. Hagun nan kaɗai ya fi hannuwana biyu ƙarfi. Metir ya durƙusa kusa da kaina.

Jimrau ya fara ɗagawa. Na ji zafin ya taso daga gwiwa ya hau kafaɗa. Na danne hannun hagu ƙarƙashin cinyata don kada ya buga da kansa. Na ce bari in yi murmushi irin nasu, sai haƙorana suka shiga kaɗawa. Ya ƙara. Na ji mun iso wurin nan da Metir ya nuna mini, inda bayansa babu komai. Na rufe ido ina jiran ƙarar.

Sai ya tsaya a nan. Bai ƙara ba, bai rage ba. Na ji cinyarsa tana rawa a wuyana. Ya ce a hankali:

"Tela, buga."

Na girgiza kai. Hawaye na shiga kunnena.

"Buga, Hamma Mutari shi gani. Ni ma na ji ƙarar nan, ban son in sake jin ta."

Ban san lokacin da hannun ya fito daga ƙarƙashin cinyata ba. Na daki tapi. Kafin in yi na biyu ya riga ya saki.

Na kwanta ina numfashi, hannuna a ƙirji, lafiyarsa lau. Ina jira Mutari ya ce ba a rama ba. Ya dubi Metir ya ce, ke nan? Metir ya ce ke nan. Mutari ya daɗe yana kallon tapin. Sannan ya juyo gare ni, karo na farko da ya dubi fuskata ba hannuna ba. Ya ce:

"Ran nan, da ya yi hakanan, da ka sake shi?"

Na ce wallahi da na sake shi.

Ya dubi hannun ƙanensa. Jimrau ya sunkuyar da kai. Mutari ya cire takalminsa, ya tsuguna a bakin tapi, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kai. Ya buga sau biyu, a hankali, yana saurare. Ƙarar ba ta kai ta tafi ba. Ya zauna a haka bai tashi ba, ya ja rawaninsa ya rufe fuska har ido. Metir ya yi mana alama muka fita waje muka bar shi.

Da na shiga gida Hafiza ba ta dubi fuskata ba. Ta kama hannun ta lanƙwasa, ta miƙe, ta sake lanƙwasawa, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe.

Da dama nake rubuta wannan.

Talata, hantsi

An yi ruwa jiya. Gobe za su yi arewa da shanu.

Jimrau ya zo sallama da safe, da rigunansa biyu a ƙulle. Ya ce Metir ya yi masa alkawari in sun dawo da kaka zai koya masa kamu da hagu, kuma ni ne abokin gwajinsa, kada in ce zan gudu. Na ce ina nan. Ya kwance ƙullin, ya ce in rage masa hannun dama na rigunan, don yanzu ba ya miƙewa ya cika su, yadin yana sauka ya rufe masa yatsu.

Na ɗauko abin awo na ce ya miƙo hannu. Ya miƙo iya inda yake kaiwa, na auna.